Hilda da Furen Duwatsun Michika

Hilda mutuniyar duwatsun Michika ce. A shekarar da 'yan bindiga suka afka wa garinsu, ta iso Yola ba ta da komai sai zanen jikinta da ƙullin iri a bakin zanen. Irin wani fure ne shuɗi, dangin wake, mai fitowa a tsakanin duwatsun gonakinsu. A kan kabarin mijinta ta tsince shi tun kafin gudu. Ko da ƙura ta lafa, ciwon gwiwa ya hana ta sake hawa dutse, sai ta ƙudurta cewa furen ne zai zo inda take.

Ta sami ɗaki a Namtari kusa da Hamajoɗa, dattijon da alayyafon lambunsa ya yi suna a kasuwar Jimeta. Shi ya tsara mata aikin: ƙasa mai laushi, taki, ban ruwa safe da yamma. Damina ta wuce babu ko tsiro. Da ta tono ƙwayar, ta same ta da tauri kamar tsakuwa, yadda aka binne ta. Shekara bayan shekara tana gwadawa, har abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

"Maman Boaz, ki shuka yakuwa ki huta," in ji Hamajoɗa, yana kiran Hilda da sunan ɗanta. "A garinku ma wa yake shuka wannan abu?"

"Babu mai shuka shi, Bappa. Da kansa yake…"

Sai ta tuna inda ya fi yawa: hanyar awaki da makwancinsu. Su ne ke cinye kwanson, ƙwayar ta bi ta cikinsu ta fito da ɓawo mai laushi.

"Ara mini akuyarka," in ji ta.

"Fure ya ƙi fitowa, za ki huce a kan baiwar Allah?"

Ta kwance ƙullin, ta zuba irin a dusa. Hamajoɗa ya daina dariya.

"Duka? In ta niƙe su fa? Rage kaɗan mana."

"Na gaji da ragewa," in ji ta.

Ta ɗaure akuyar a ƙofar ɗakinta, tana share kashin da kanta, tana watsa shi a kan tsakuwar da ta ɗebo ta jibge a inuwar katanga. Ba ta zuba ko ɗigon ruwa ba, ta bar wa sama aikinta.

Akuyar ta niƙe mafi yawa, kamar yadda Hamajoɗa ya ji tsoro. Cikin 'yan kaɗan da suka tsiro, zafin Yola ya kashe wasu. Amma ɗaya ya kama dutse, ya yi ganye, a ƙarshen damina ya buɗe shuɗi. Hilda ta zauna a gabansa, ta kira sunan mijinta.

Yau gindin katangar cike yake da furen, kuma tana kiwon akuyarta. Hamajoɗa kuwa har yanzu yana shaida wa baƙi cewa furen jikan akuyarsa ne.