Saitin Bindigar Baba Tsoho

Duk shekara idan aka gama kai gero rumbu a ƙauyenmu kusa da Mandera, sanyi ya shigo, kakata Inna Kulu kan hura wutar kara a tsakar gida bayan sallar isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen zaninta. Can gefe kuma kakana, Baba Tsoho, yana kan buzu da bindigar iskarsa a cinya. Da ita yake tsare rumbu daga gafiya, da ita yake kawo mana kurciya a gasa.

Mutum ne da ya san bindigarsa. Yakan ɗiga wa fatar cikinta man keken ɗinki, ya ɗaure kusoshinta, ya zaɓi ƙwayoyin dalma ɗaya bayan ɗaya, ya yar da duk wadda ta lotse. Dokarsa kuwa, ba a taɓa saiti sai an harba uku. Da rana zai yi ɗigo da gawayi a bangon rumbu, ya ja baya taku ashirin ya harba, ni kuma in ruga in dubo masa inda suka faɗa.

A shekarar da nake magana, dalmar ta fara kauce wa ɗigon. Da fari da yatsa biyu, daga baya da tafin hannu guda. To, wa zai dubi tsoho irinsa ya ce masa ya kuskure? Sai in shafe ramukan da yawu da ƙasa, in ɗaga murya in ce, "Saura kaɗan, Baba." Shi kuma ya yi ta murɗa saiti yana yi wa bindiga faɗa.

Wata rana Inna Kulu ta gyara wuta za ta yi mana tatsuniya, ta ce, "Ga wata nan ta biyo hayaƙi, wa ka son ta?"

Muka ce, "Mu na!"

Ta ba mu labarin wani maharbi da kibiyarsa ba ta taɓa faɗuwa banza ba, har tsufa ya fara rufe masa ido. Yana da kare mai ƙaunarsa. Duk lokacin da ya harbi iska, karen zai ruga daji ya dawo yana kaɗa wutsiya, kamar naman ya samu rauni ya tsere, don kada ran ubangidansa ya ɓaci. Maharbi ya ce lallai baka ne ya karkace. Ya fere shi yau, ya fere shi gobe, har ya zama siriri. Ranar da kura ta tare masa hanya, ya ja tsirkiya, bakan ya karye a hannunsa.

Nan ta tsaya, ta dube ni. "Angona, kai mi kac ce? Laihin wa na, baka ko kare?"

Na ce baka. Ta yi wata 'yar dariya da ban ji daɗinta ba.

Baba Tsoho ya ce, "Ke dai ba ki rasa magana."

Ta ce, "Malam, Sakkwato ba nisa. Can ana cire yanar ido, mutum shi dawo gida shina gani."

"Idona lahiya lau," in ji shi. "Ki tambayi mai dubo mani. Kai, ido na ko bindiga ta?"

Kowa ya zuba mini ido. Na dubi farin gemunsa, na dubi hannunsa da ke shafa bindigar, na ce, "Bindiga ta, Inna."

Ta tura sauran karan cikin wuta, ta ce mu tashi.

Bai je Sakkwato ba. Bayan shekara biyu ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci. Har ya rasu yana shafa wa bindigar mai da laluben hannu, yana cewa wata rana zai gano abin da ke damunta.

Yanzu ina zaune a Bodinga, bindigar tana wurina. Ranar da na karɓe ta na tarar an murɗe saitin har ƙurya. Na mayar da shi tsakiya, na harba uku, suka faɗa wuri ɗaya. Ba ta taɓa yin laifi ba. Na zauna na yi kuka kamar a ranar aka binne shi.

Bara na lura ɗigon gawayina ya fara yi mini hazo. Na harba uku, ƙaramar 'yata Hafsatu ta ruga ta dubo, ta ɗan jima a jikin bangon, sannan ta juyo ta ce, "Saura kaɗan, Baba." Ban taɓa saitin ba. Washegari na hau motar Sakkwato.

A hanya ba idona nake tunani ba. Ƙamshin wutar karan nan nake so, da gefen zanin Inna Kulu, da ta sake dubana ta ce, baka ko kare. Yau na san amsar sarai, sai dai ita ma ta rasu, babu mai tambayata.