Baba Yohanna da Lambobin Ƙasan Shafi

Duk wanda ya taɓa kai aiki shagonmu na Samaru ya san Baba Yohanna ba ya taɓa kwamfuta sai ya wanke hannu. Da safe zai yaye zanin da ya lulluɓe ta da shi, ya rusuna ya ce, “Madam, kin tashi lafiya?” Ni kuwa Ishaya, da ke ɗinka kundayen ɗalibai a ɗaya kusurwar, nakan amsa masa da siririyar murya, “Lafiya lau, maigida!” Sai ya harare ni ya ce, “Kai da aji shidanka, wa ya sa da kai?”

Shekara da shekaru ya yi yana buga tafireta kafin a kawo kwamfuta, kuma bai sake hali ba. Ko an ɗauke wuta ba ya tsayawa, ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan kibod, allo baƙi ƙirin!

“Baba, me kake bugawa?”

“Yatsu nake ɗumamawa. So kake wuta ta dawo ta same su a sanyaye?”

Takarda kuwa, ko ta lalace ba ya yarwa. Buhu-buhu yake tarawa a ƙarƙashin tebur. Wata mai ƙosai ta taɓa roƙon ya ba ta na ƙunshi, ya dafe ƙirji ya ce, “Ilmin mutane za ki shafa wa mai? Haba, Mama!”

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai Malama Rifkatu, malamar firamare daga Palladan, da Baba ya buga wa kundin digirinta. Ranar Talata ta shigo da gudu. Malamin da ke duba aikin ya dawo da shi, wai ƙananan bayanan ƙasan shafi, waɗanda ɗalibai ke kira futnot, lambobinsu sun miƙe tun daga babi na ɗaya har ƙarshe. Shi yana so kowane babi ya soma daga ɗaya. In ba ta miƙa ranar Juma'a ba, sai baɗi.

Baba ya ce, “Kwantar da hankalinki, 'yata.” Alhali bai san yadda ake yi ba! Ya roƙi Madam, ya yi mata faɗa, lambobi suka ƙi. Da rana ya tafi Sabon Gari sayen tawada.

Nan shaiɗan ya raɗa mini cewa abin ba wuya. Na zauna a kujerarsa, na bi babi na biyu da na uku ina goge lambobin ɗaya bayan ɗaya, da niyyar in sake rubuta su da hannu. Ashe in ka goge lambar, bayanin da ke ƙasa ma ya tafi! Ban lura ba har na danna ajiyewa yadda na ga yana yi. Da na duba ƙasan shafuka, wayam! Na lallaɓa na koma kusurwata kamar ban san komai ba.

Baba ya dawo tare da Malama. Ta duba allo, ta ɗora hannu a ka.

“Baba, ka kashe ni! Shekara uku!”

Baba ya ce, “Laifina ne, 'yata. Ki dawo jibi.”

Ya zazzage buhunansa a ƙasa, ya tsinto tsofaffin shafukanta, ya sake buga bayanan kaf. Sannan ya rantse sai ya danna duk abin da ke cikin kwamfutar nan. Ranar Alhamis da hantsi sai ihu!

“Ishaya! Ta yarda! Madam ta yarda!”

Ashe sai ka sa alamar raba sashe a ƙarshen kowane babi, sannan ka shiga inda ake saita futnot ka zaɓi a sake ƙirga daga ɗaya a kowane sashe. Shi ke nan fa! Baba ya fita bakin titi yana rawa, yana gaya wa 'yan acaɓa, “Babi na biyu, ɗaya! Babi na uku, ɗaya!” Su ma suka taya shi da danna oda, ba su san dalili ba.

Malama ta miƙa aikinta a kan lokaci. Da ta fita, Baba ya miƙo mini tsumma, ko kallona bai yi ba.

“Zo ka goge gam ɗin da ka bar wa Madam a kibod. Gobe in za ka yi ɓarna, ka wanke hannu.”

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ni ma na yi gum. Malama kuwa ta yi ta gaya wa abokan karatunta su guji tsohon nan mai goge aikin mutane, wasu suka daina zuwa. Ina ji, ina gani, kunya ta rufe mini baki.

Malama Rifkatu, na san za ki karanta wannan. Ni ne na goge, ba shi ba. Ki gafarta mini, ki kuma gaya wa duk wanda kika gaya wa.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Yohanna hutawa a wurinka. Ya ɗauki laifin da ba nasa ba, ka ɗauke masa nasa. Amin.