Yadda Masu Ga-ruwa Suka Sa Na Fara Gyara

Wata rana ina gaban tandata ina juya waina, sai ga ɗan autana Nafi'u ya shigo yana haki. Wai an yi taro a ƙofar masallaci, an yanke shawara: masu ga-ruwa 'yan Nijar su tattara su bar mana unguwa.

Bari tukuna in gaya muku ko ni wace ce, don waɗanda ba su san ni ba.

Ni ce Yahanasu mai waina. Tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, tandar nan ce ta ciyar da marayu ta aurar da su. Ban taɓa tsayawa ƙofar wani da kwano ba.

Boko kuwa iyakata ajin yaƙi da jahilci. Da yatsa ɗaya nake buga wannan rubutu, wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Kuma abu ɗaya kowa ya sani a kaina: ba na gyara.

Ka sayi goma, goma za ka ɗauka. Marigayi ma in ya saya wa abokansa, haka yake ɗauka ya tafi yana girgiza kai.

To mu koma kan taro.

Masu ga-ruwan nan daga wajen Damagaram suke. Suna haya a wani kango bayan makaranta. Kafin ladan ya buɗe baki ka ji ƙarar kurarsu a layi, jarkoki na ƙwanƙwasar juna. Su ke shayar da unguwa kaf.

Malam Mudi, shugaban kwamitin unguwa, shi ya yi jawabi. Ya ce baƙi sun cinye wa 'ya'yanmu aiki. Ruwanmu suke ɗiba, su sayar mana, su kwashe kuɗin su kai ƙasarsu.

Matasa suka yi ta tafi. An ce mini wanda ya fi kowa tafi Nafi'u ne.

Nafi'u fa ba zaman banza yake ba. Gemunsa ya cika, yana da wurin faci a bakin titi. Amma wai faci wahala ce, a ruwa kuɗi yake.

Ni ban ce a kore su ba, ban ce a bar su ba. Ni 'yar kasuwa ce. Abin da na hango guda ɗaya ne: mutumin da aka ce ya tashi gobe, da arha zai sayar da kayansa.

Na yafa mayafi na nufi kango.

Akwai wani dogo a cikinsu, shi ke kawo mini ruwa kullum. Shekara da shekaru yana shiga gidana, ban taɓa tambayar sunansa ba. Dogo nake ce masa, ya amsa.

Na ce kurarsa na zo tayawa.

Ya faɗi kuɗi, na yi dariya har da riƙe ciki. Na ƙwanƙwasa jarkoki na ce duk sun sha rana. Na shafa taya na ce ta suɗe. Na juya zan tafi, na dawo. Na sake juyawa, na sake dawowa.

Yana ta albarka, yana ta albarka, har muryarsa ta gaji. Sai da na sauko da shi ƙasa da rabi sannan ya sallama.

Na kama hannun kura ke nan, sai ya ce:

"Inna, wa zai tura?"

"Ɗana. Haifaffen unguwar nan."

"To wa zai biya kuɗin famfo?"

"Wannan ba matsalarka ba ce, Dogo."

Ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Yanzu taku ce."

Na ɗauka zafin ciniki ne ya sa shi surutu. Na tura kurata da kaina har gida, ina tafe ina gaisawa da mutane don kowa ya gani.

Ga abin da yake nufi.

Rijiyar burtsatsen unguwarmu da karo-karo aka haƙa ta. Tun ranar da aka buɗe aka kafa doka: ɗan unguwa, tunda ubansa ya sa hannu a aikin, kyauta yake ɗiba. Baƙo ne ke biya.

Duk kurar da ta cika sai mai ita ya jefa wani abu a akwatin kwamiti. Da shi ake sayen man inji, a sallami mai gadi, a yashe kwata kafin damina.

Mu duka mun san wannan doka. Amma ba wanda ya taɓa zama ya tambayi kansa: to su waye baƙin da ke biya?

Masu ga-ruwa suka tafi. 'Ya'yanmu suka karɓi aiki.

Ranar farko Nafi'u ya fito da hantsi, sanye da tabarau. Ya cika kura ya nufo gangaren layinmu. Ban san shi ke tura ta ba ko ita ke jansa, na dai ga kura a gaba, shi a baya yana salati.

Katangar gidan liman ce ta tare su.

Abin da ya rage a jarkokin ya kawo mini. Da na tambayi kuɗi ya faɗi ninkin na Dogo. Ni uwarsa. A kurar da na saya da kuɗina.

Wai shi ɗan ƙasa ne, ba zai yi aikin bauta ba.

Na bar wannan, na ce farkon shiga ne.

Can a famfo kuma, mai riƙe da akwati ya miƙa wa Nafi'u hannu. Nafi'u ya dube shi sama da ƙasa, ya tuna masa cewa marigayi babansa da kansa ya ɗauki bulo ranar ginin tanki. Shi ɗan unguwa ne, doka ta ce kyauta.

Na bayansa ma ɗan unguwa ne. Na bayan wancan ma haka.

Har wani da ubansa ya tare bara ya rantse a nan aka binne cibiyarsa.

Kuma duk gaskiyarsu, haka dokar ta ce.

Akwati ya bushe. Inji ya yi tari, ya ƙara tari, ya yi shiru.

Mai gadi ya ce cikinsa bai san zumunci ba, ya ɗauki sandarsa ya ƙara gaba. Kwata ta toshe, sauro ya samu gari. Butocin masallaci suka koma wurin kwanan ƙadangaru, har liman ya fara tuna wa mutane yadda ake taimama.

Malam Mudi kuwa an gan shi a kan babur da jarka biyu yana dawowa daga ƙetaren gada. Da aka tambaye shi ya ce ziyara ya je.

Duk wannan na jure. Abin da ya taɓa ni shi ne tanda.

Waina ruwa take ci, ku da kuke ganinta a faranti ba ku sani ba. A wanke shinkafa, a jiƙa, a kai markaɗe, a dama ƙullu, a yi miya, a wanke kwanuka.

Sannan ga babbar magana. Ashe rabin ƙulluna, tun gari bai gama wayewa ba, masu ga-ruwa ke cinye shi. Su ci a tsaye, su biya, su wuce. 'Yan unguwa sai rana ta ɗaga suke fitowa, su sayi waina uku su nemi miyar da za ta ishi gidan biki.

Ƙullu ya riƙa kwana yana tsami. Awakin maƙwabta suka yi ƙiba.

Mai shayin bakin layi ya rage burodi. Mai kango ya rasa 'yan haya. Nafi'u ya ajiye kura ya koma faci, ya zauna yana korar ƙuda, don ashe tayoyin kura ne ke riƙe da wurin.

Kuɗin da aka ce ana kwashewa a kai wata ƙasa, ashe sai sun biya ta tandata, sun biya ta teburin mai shayi, sun biya ta hannun ɗana, sun faɗa akwatin kwamiti. Ɗan abin da ya tsira shi ke isa Damagaram, wurin matansu da 'ya'yansu.

Sai ga safiyar da na tashi ba ko ɗigon da zan wanke shinkafa.

Ban hura wuta ba.

Tun da na fita takaba tandar nan ba ta taɓa kwana ta wuni da sanyi ba. Na zauna ina kallonta, ita ma kamar tana kallona. Na ce a raina, in na bari aka ƙara mako a haka, Yahanasu za ta fara aika wa 'ya'ya su turo na cefane.

Ni kuwa ban iya wannan ba.

Gidan Malam Mudi na fara zuwa. Na ce masa ya janye maganar nan. Ya ce shi babba ne, ya faɗa a gaban jama'a, ba zai lashe ba.

Na ce wa ya ce ka lashe? Ka ce hutu aka ba su, hutu ya ƙare.

Ya hau shafa gemu. Daga cikin gida maiɗakinsa ta ɗaga murya ta ce in bai yarda ba, daga gobe shi zai riƙa wanke kayan yara a ƙetaren gada, tunda ya saba da ziyara.

Ya yarda.

Na ƙara masa da sharaɗi: a gyara doka. Duk mai cika kura don sayarwa ya biya, ko daga Damagaram ya fito ko daga ɗakin uwarsa. Mai bokitin sha kuwa ya ɗiba kyauta kamar da.

Saura Dogo.

Ashe ba Nijar suka tafi ba. Gada kawai suka ƙetare. Na isa na tarar da injin unguwar can yana ruri, har sun sa sabon tanki da fitila a bakin famfo.

Ga Dogo zaune gaban tandar Uwale, mai wainar unguwar can, yana cin wainarta. Wainar Uwale fa, wadda in ta faɗi ƙasa sai ta yi tsalle.

Na yi kamar wucewa nake. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa. Na ce ruwa alhamdu lillahi, har ya yi mana yawa.

Ya kalli ƙafata da ta yi furu-furu.

Na ja shi gefe muka zauna ciniki. Na ce kwamiti ya ce hutu ya ƙare. Ya ce su hutun bai ishe su ba. Na ce zan mayar masa da kurarsa a yadda na saya. Ya ce ya ji labarin katangar liman, sai dai in rage. Na ce katangar ce ta ji ciwo, kura lafiyarta lau.

Muka ja, muka ja. Ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irinsa ba, in ka cire ni.

Daga ƙarshe ya ce kura ya karɓa a yadda na ce, zai kuma yi wa 'yan'uwansa magana. Amma akwai abu ɗaya. Uwale tana yi musu gyara. Biyu-biyu.

Jama'a, sai da na ji ƙasa ta juya.

Na ce ko mijina ban yi wa ba. Ya ce Allah ya jiƙan Malam, amma Malam ba ya tura kura.

Na ce ɗaya. Ya ce biyu. Na ce ɗaya, kuma ta gefen tanda, 'yar ƙaramar nan da wuta ba ta isa sosai. Kuma kurar farko ta safe gidana za ta sauka kafin na kowa.

Ya daɗe yana kallon wainar Uwale da ke hannunsa. Ya ja ta, ta miƙe, ta koma.

Ya ce ya sallama.

Kada wani ya ce an ci ni a ciniki. Biyu aka nema, ɗaya na bayar.

Yanzu inji na ruri. Mai gadi ya dawo da sandarsa. Matasa biyu daga cikin namu sun riƙe kurar da gaske, suna tashi da asuba tare da su Dogo, suna biyan akwati kamar kowa. Nafi'u yana wurin facinsa, layin tayoyi har bakin kwata, in aka kira taro sai ya ce yana da aiki.

Tandata kuwa ba ta ƙara sanyi ba.

Kullum da safe Dogo zai sauke ruwa, ya sayi wainarsa, sannan ya bar kwanon a miƙe. Ni kuma in kau da kai in jefa ta gefen tanda, kamar hannuna ne ya suɓuce.

Jiya na ce masa, shekarun nan duka, wai ma mene ne sunanka na gaskiya?

Ya ce sai na ƙara gyara.

Muna kan ciniki.

Darasi: Kafin ka tafa wa mai cewa baƙo ya cinye maka abinci, tashi ka leƙa akwatin unguwarku ka ga hannun wa ke jefawa a ciki. Ka leƙa teburinka ka ga wa ke fara saye da safe. Wanda ya zo da ƙarfinsa yana aiki yana biya, ba a bakinka yake ci ba. In akwai gyaran da za a yi, a yi wa doka, kowa ya biya daidai.

Ku tura wa 'yan kwamitin unguwarku, da duk wani mai saurin tafi a taro. Ku yaɗa shi ya ƙetare gada, Uwale ma ta gani.

Amma kada wanda ya karanta ya zo mini gobe da miƙaƙƙen kwano. In kana son gyara, ga kura can, ga gangare.