Kawu Isa Masinja da Jerin Sunayen da Na Buga

Ranar Talatar da ta wuce Kawu Isa ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi a Gwaram bayan mahaifina ya rasu. Mutanen garin ba su san shi da wani suna ba sai Isa Masinja.

Tun muna ƙarƙashin Kano ya fara aiki a wani ofishin gwamnati a garin. Da aka ba mu Jigawa sai aikin ya ninku, takardu kullum suna kai da kawowa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Kawu bai yi boko ba, amma ya san kowane fayil da launin bangonsa da inda ya yage. Idan damina ta yanke hanyar Farin Dutse, sai ya saɓa kekensa a kafaɗa, jakar takardu a ka, ya tsallake. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa tabbatar da shi a aiki ba, ɗan wucin gadi ne. Da wannan ɗan albashin ya sa ni makaranta.

Ni ma na samu aikin gwamnati, a Birnin Kudu. Shekarar da aka kawo mana kwamfutoci aka ce za a rage ɓarna, aka kafa kwamitin tantance ma'aikata, aka sa ni sakatare. Hujjar kwamitin ba ta da wuyar ganewa: wayar hannu ta shigo, saurayi ɗaya a kan babur zai yi aikin masinjoji huɗu, tsoho kuwa ba ya sauri. Na yarda da hujjar a lokacin, har yanzu ma ban ce ƙarya ce ba. Sai da aka miƙo mini sunayen waɗanda za a sallama in buga, na ga na Kawu a ciki.

Na je wurin shugaban kwamitin na roƙa. Ya ce idan ya cire mini kawuna, sai ya cire wa kowa nasa. Na dawo na zauna, na buga.

Na kasa zuwa in faɗa masa. Shi ya zo, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a tabarmar ƙofar gidana, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"An ce kai ka buga takardar," in ji shi.

"Ni ne, Kawu."

Ya ce, "Aikinka ka yi, ban zo faɗa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ba wanda ya kira ni ya ce, Isa, ina ka ajiye fayil kaza? Sai dai na ga sunana a jikin allo."

Da yake ba tabbataccen ma'aikaci ba ne, babu fansho. Ya koma gona, amma gwiwoyinsa sun riga sun ƙare a kan keke. Ranar kasuwar Gwaram sai ya zauna gefen masu awon hatsi yana ɗinke bakin buhuna, a ba shi abin da ya samu. Mutumin da dagatai ke miƙewa su tarba ke nan. Na roƙe shi ya dawo gidana ya huta, ya ce hannunsa bai mutu ba tukuna. Damina uku ya yi a haka. Sababbin akawuna kuwa ba su fasa aikowa kasuwa a tambaye shi inda wani tsohon fayil yake ba, shi kuma ya faɗa musu, ko ɓata fuska ba ya yi.

Da zai ga yau, na san zai yi murna da wasu abubuwan, don shi ba mai ƙin sabon abu ba ne. Takardar da yakan yini a hanya da ita, yanzu kafin ka ajiye waya ta isa. Amma zai waiga ya tambayi ina tsofaffin da ke shara da ban ruwan fulawa. An ba 'yan kwangila aikin, su kuma masu jini a jika suke ɗauka. Na sha karanta rahoton da ke cewa an samu sauƙi. Ban taɓa ganin wanda ya bi sawun waɗanda aka sallama ya ga me suke ci ba.

Watan jiya na je ta'aziyya Wurno ta nan Birnin Kudu. Wata dattijuwa ta ji ana cewa ni ɗan 'yar'uwar Isa Masinja ne, ta sa aka kira ni. Ta ce lokacin da mijinta ya rasu ba ta san ƙofar ofishin da za ta nufa neman haƙƙinsa ba, Kawu ne ya yi kwana uku yana bin ta ɗaki-ɗaki da takardunta har aka sa hannu, ko ruwa bai yarda ta saya masa ba.

"Yanzu wa yake wannan aikin a can?" ta tambaye ni.

Na ce, "Inna, babu kowa."

Kawu bai bar gida mai bene ba, bai bar takardar yabo ba. Abin da ya bari yana bakin irin wannan dattijuwar, aikin da ba a taɓa rubuta masa ba, don haka ba mu gan shi ba ranar da muka auna shi. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana.