Hajiya a shafi ɗaya, Malama a takwas

Shekarar da na fara rubuta manhaja, na yi wa wata makaranta a GRA shafin intanet. Shafukansa tara ne, kowanne da fayil ɗin da ke tafiyar da shi. Akwai 'yan layukan umarni da na rubuta da ke sa Malam ko Malama gaban sunan mutum. Don lalaci sai na kwafe su na manna a fayil tara, ina ganin na yi dabara.

Mai makarantar ta dawo daga aikin Hajji. Na je yi mata barka da sauka, ta ba ni dabino da zamzam, ta ce in gaya wa kwamfutar nan an canza mata suna. Na gyara a shafin farko, na koma gida Ƙofar Kaura ina fito.

Washegari ta kira. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, har ta tambayi mutanen gida, sannan ta ce shafin jarrabawa na kiranta Malama. Na gyara. Bayan kwana biyu kuma shafin iyaye. Haushin kaina ya kama ni, na gaya mata gaskiya: wuri tara abin yake.

Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, sai na je Makka sau tara ke nan?"

Ranar na tattara layukan a fayil guda, sauran duk suna ɗauka daga can. Da mijinta, wanda shi ma sunansa ke shafukan, ya sauke farali, wuri guda na sa masa Alhaji, ko kirana ba ta yi ba.