Malfa da Sanda don Hoton Kwamiti

A shekarar da aka ce kowace ma'aikatar magajin gari ta rubuta tsarinta na yaƙi da wariya da ƙabilanci, ni aka ɗora wa aikin a Gazawa, don kawai ni ne sakataren da bai iya cewa a'a ba. Wata uku muna zama da wakilan al'ummomin gari. Muka rubuta cewa a layin likita da bakin famfo ba a tambayar kowa asalinsa, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Wannan batun shi ya fi damun mutanen ruga, domin matansu sukan yini a likita ana tsallake su. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mana daga sama: sai kowane wakili ya sa hannu, in ba haka ba takardar ta koma durowa.

Wakilin makiyaya kuwa tsohon malamina ne na lakol, wato makarantar boko, Bafillace, wanda ya yi ritaya. Shi ya koya mini riƙe alƙalami, shi ya ja mini kunne har na daina rubutu kamar tonon kaza. Har yau in na hango shi sai na gyara tsayuwa.

Ranar sa hannu na ɗauko mai hoto daga Agiye, don a samu na bangon takarda. Da aka jeru a gaban buro, wato ofishinmu, na leƙa. Mutum tara, duk babbar riga, duk hula, kai ka ce 'yan ɗaurin aure ne. Na ce a raina, wa zai kalli wannan ya yarda mun haɗa kowa da kowa? Nan shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Na hau babur na faɗa kasuwa, na aro malfa da sanda, na biya ta maƙera na aro guduma, na dawo ina jin kaina mai basira.

Wakilin maƙera ya karɓi gudumarsa yana dariya, ya ce ai ya fi shekara goma rabonsa da ita, yanzu walda yake yi. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na matsa wajen malamina, na rusuna, na miƙa masa malfa da sanda.

Ya dube su, ya dube ni. "Mi zan yi da waɗanga?"

Na ce, yadda muke kiran malaman lakol, "Mushe, don hoto ne kawai. Don a gane."

"A gane mi?"

 Magajin gari ya shiga duba wayarsa da gaggawa, alhali ba ta yi ƙara ba. Malam ya zaro alƙalamin da ya riga ya buɗe don sa hannu, ya rufe shi, ya mayar aljihu. Ina kallon aikin wata uku yana shiga aljihun nan tare da shi.

Sai ya ce, "To, ba laifi, ɗana. In haka tsarin yake, a yi wa kowa. Kakanka ba daga ƙetaren iyaka ya zo da jakuna yana fatauci ba? A kawo jaki."

Na ɗauka wasa yake. Ba wasa yake ba. Ya samu kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa. Wakilan nan da na yi wata uku ina roƙo su yarda da juna, ranar suka haɗa kai a karon farko: kowa ya ce a kawo jaki. Aka tare wani mai amalanke a bakin hanya, aka kwance nasa. Jakin ma bai so ni ba. Na ja ya ƙi, na tura ya ƙi, da mai hoto ya ce a yi murmushi sai ya ɗaga kai ya yi kuka har mutanen tasha suka taru. Ina tsaye da igiya a hannu, gumi na bin bayana, masu babur suna tambayata nawa zan sayar.

Minti biyar na yi a haka, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da dariya ta lafa, Malam ya tashi, ya karɓi igiyar daga hannuna ya mayar wa mai ita. Ya ce a ɗauki hoton kowa da rigarsa. Ya ciro alƙalami ya sa hannu, sauran suka bi. Har na fara ajiyar zuciya, sai ya riƙo hannuna ya ja ni gefe, inda ba mai ji.

Ya ce, "Kai minti biyar ka yi, ka ji yadda take. Ni shekara talatin na yi ina karantar da 'ya'yan garin ga, har da kai. Ashe har yau sai da sanda kake gane ni."

 Na ɗauki malfar da sandar na ɗaure a bayan babur, na mayar wa masu su, ina tuƙi idona na kawo ruwa.