Guntayen Katakon da Baba Ya Shanya a Rufi

A kan tsani tsoron ya kama ni, lokacin da na leƙa rufin shagon Baba na ga kwano fetal, babu ko guntun katako ɗaya. Na sauko, na sake hawa, kamar ganin farko ƙarya ne.

Baba kafinta ne. A layinmu Ƙadangare ake kiransa, don rana na take tsaka za ka hango shi tsugune a saman rufi. Abin ya samo asali tun yana saurayi. Ƙofar farko da ya yi da hannunsa ya shafa mata banish, man nan mai sheƙi da ke barin jikin katako a fili, ta fito kamar madubi. Rani ɗaya ta yi, ta koma rawaya tana ɓarewa kamar bawon albasa. Daga ranar ya daina yarda da rubutun jikin gwangwani. In aiki zai zauna a rana, sai ya sayo banish iri-iri, ya shafa kowanne a guntun katako, ya jera su a rufi na wata da watanni, rana ta yanke hukunci. Ba ya sa alama. Yadda guntayen suke jere a sama, haka gwangwanayen suke jere a kanta a ƙasa, na farko da na farko.

Bana ya samu aikin da ya daɗe yana mafarki: ƙofar shiga ta wani sabon otal, tana kallon yamma, ba rumfa ba bishiya. Ya shanya guntaye huɗu a rufi saboda ita, ya gama sassaƙa, shafe kaɗai ya rage, sai ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ni da na gama jami'a ina zaman jiran aiki, makullin shago ya faɗo hannuna.

Inna ce ta sa makaniken da ke maƙwabtaka da mu ya sauko da guntayen. Na same su a cikin jakar cefanenta, a cakuɗe.

"Tun da ba zai iya hawa wurinsu ba, ai sai su sauko su same shi," in ji ta. "Ko ka fi ni sanin abin da ke ransa ne?"

Ban iya gaya mata abin da ta rusa ba. Na kinkimi jakar da gwangwanayen muka tafi asibiti.

Baba ya bi guntayen da hannunsa mai lafiya. Biyu sun yi rawaya, ɗaya ya tsattsage, ɗaya kuwa yana nan garau, sumul. Ya rungume shi a ƙirji. Sai na jera masa gwangwanayen a gefen gado, na ce ya nuna mini. Yatsansa ya tashi, ya je kan wannan, ya koma kan wancan, ya tsaya a iska, ya sauka. Bai taɓa riƙe su a ka ba, jerin ne ke riƙe masa. Ya juya fuskarsa bango.

Manajan otal kuwa bai bar wayata ta huta ba. Ya ce ya tausaya mana, amma ranar buɗewa ta matso, in ba mu gama ba zai turo mota a kai ƙofar wani shago a fesa mata abin da aka samu. Na san abin da hakan ke nufi. Kafin baɗi ta fara ɓarewa, kuma ba wanda zai tambayi wa ya fesa. Ƙofar Ƙadangare za a ce.

Na rasa zama na rasa tsayuwa. Na karanta bayan kowane gwangwani har na haddace, kowanne yana rantsuwa shi ne maganin rana. A ƙarshe na ɗauki guntun nan mai kyau da gwangwanayen na nufi shagon Mai Fenti, tsohon abokin Baba da ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Kai, Digiri, ubanka da taurin kai," ya ce yana kankare guntun da farce. "Shekara nawa ina ce masa ya sayi alli? Ya tashi tukuna, zai ji daga bakina."

Ya shinshina, ya ɗaga shi a haske. Ya ture gwangwani biyu gefe, ya ce waɗannan na cikin ɗaki ne, su ne suka yi rawaya. Sauran biyun duka na waje ne, ɗaya shi ne mai kyan, ɗaya shi ne ya tsattsage, kuma ba zai yi wa abokinsa canki-canka ba. Ya ce in bar masa guntun, zai kai wa wakilin kamfanin da ke kawo masa kaya, ko shi zai iya bambancewa.

Ƙofar tana jingine a shago, na lulluɓe ta da zanin gado. Na roƙi manaja ya ƙara mana haƙuri, ya ce zai yi magana da mai otal. Har yanzu Mai Fenti bai kira ba.